Hantar Sarkin Fawa

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya sa ciwon da ya daɗe yana ɗauke da shi ya zame masa kankarar zunubi. Wannan addu'a na yi ta da zuciya ɗaya. Abin da zai biyo bayanta kuwa, ba zan yi ƙarya in ce da farar zuciya nake faɗarsa ba.

Ranar sadakar uku ƙofar gidanmu a Matameye ta cika har tabarmi suka ƙare, aka shiga aron na maƙwabta, maƙwabtan da suka yi shekaru ko garwashin wuta ba su ɗiba a gidanmu ba. Mahauta suka zo gaba ɗayansu, kasuwa ta wuni ba yanka. An zo daga Kurni, an zo daga Dawce a kan jakuna. A cikin gida mata suka yi ta faɗawa jikin Inna, mahaifiyata, suna cewa ashe haka Allah ya yi. Wata ta yi kuka har ta sheme, sai da aka nemi ruwa. Na san ta sarai, ita ce mai fizge ɗanta ta sake hanya in ta hango Baba tafe. Ni na kawo ruwan, kuma a hankali na yayyafa mata, ban watsa mata ƙwaryar a fuska ba. Ina fatan ladan wannan a wurin Allah.

A zaure kuma ga Baffa, ƙanen Baba, wanda ke riƙe da sarautar fawa yanzu, ya sha rawani yana karɓar gaisuwa. In an ce masa ya haƙuri, sai ya amsa murya na rawa, mutane su ce kai, wannan bawan Allah ya ji mutuwar ɗan'uwansa. Na leƙa shi ta ɓular zana. Lalle muryarsa rawa take yi, amma na san abin da ke kaɗa ta.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai dai Allah ya ba ni baki, kuma na sami mai rubuta mini. Yanzu kowa hankalinsa yana kan ƙuri'a da zancen Nasara sun kusa tafiya. Nan da baɗi za a ce, ai tsohon Sarkin Fawa mutumin kirki ne, kowa nasa ne, a wuce wurin. Ban yarda a wuce ba. Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan kama sunan kowa ba, kuma ga shi ban kama ba. Baffa nake cewa, kamar yadda na saba kiransa tun ina yarinya.

Baba gajere ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, in kuwa abu ya ba shi dariya ta hanci yake yin ta. Ranar kasuwa, in an kayar da sa an feɗe, ba ya kallon cinya ko tozo. Abin da yake fara cewa shi ne, "Ku kawo mini hanta." Sai ya ɗora ta a tafin hannu, ya lumshe ido, ya bi ta da babban yatsa tun daga wannan baki har wancan. In ya ji tsutsa a ciki, ko wata jakar ruwa, ko wani tauri da bai gamsu da shi ba, sai a haƙa rami a binne ta da toka don kada karnuka su tone. Tun kafin Nasara su turo mai duba nama da hatiminsa Baba ke wannan. Yakan ce dabba ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, sai an tambayi hantarta.

Ni kaɗai ce na rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Matan gidan mahauta wankin kayan ciki ne aikinsu, to ni nawa ya zo da ƙari. Sai ya dawo da hanta biyu a ƙwarya, ya ce, "Rufe ido, Uwata. Wacce za ki ba maijego, wacce za ki ba rami?" In na yi kuskure ba ya faɗa, sai ya mai da yatsana wurin da na tsallake ya danna, har sai na ji abin da ya ji.

Zancen maijego ba misali ba ne kawai. Duk macen da ta haihu a garin nan, matar attajiri ce ko matar mai jan ruwa, kafin suna sai hanta ta iske ta daga rumfar Baba. Ungozoma ke kai masa labari, shi kuwa ba ya tambayar matar wane ce. Rabin samarin da suka cika ƙofar gidanmu ranar uku, da nonon hantar Baba aka raine su.

Sau ɗaya na san ya yi faɗa a bainar jama'a, kuma da Baffa ne. Wata hanta da Baba ya ce a binne, Baffa ya yanke inda ya ɓaci, ya tsire sauran, ya turbuɗe shi da ƙuli da yaji yadda ba mai ganewa. Baba ya zo wucewa ya ɗauki tsinke ɗaya ya gutsura, sai ya tofar. Ya kwashe tsiren tukubar kaf ya watsa a rairayi, ya bi da ƙafa ya murje, kasuwa na kallo. Baffa a lokacin ba yaro ba ne, da gemunsa da 'ya'yansa. Da yamma Baba ya aika masa da cinyar rago, ya ɗauka maganar ta mutu ke nan.

Shekara bakwai da suka wuce, da kaka, Baba ya fara jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, har mazagin wando ya soma damunsa. Aka yi sa'a, ko rashin sa'a, wani dokotoro, wato babban likita, Nasara da ke zagayen garuruwa ya sauka a gidan likitan garinmu. Ya danna cikin Baba, bai kai tsawon alwala ba, ya juya ya yi wa ɗan likitan da ke yi mana allura Faransanci. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya fassara: dajin hanta ne, wata uku, in ya daɗe huɗu. A bakin ƙofa aka yi maganar, layin masu jiran magani yana ji, kafin Baba ya iso gida labarin ya riga shi.

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani, don mun san wannan ciwo kamar yunwar cikinmu. Maza yake ɗauka, da ƙarfinsu. Ido ya yi rawaya, ƙafafu su tsotse, ciki ya cika da ruwa ya yi kamar tulu, wanda ya kama da kaka kuwa ba ya ganin shuka. Ban ƙullaci dokotoron sosai ba. Ciki nawa irin wannan ya taɓa, kuma duk suka mutu kamar yadda ya faɗa. Gaggawarsa kawai na ƙullata, da ƙarfin muryarsa.

A gidanmu akwai al'ada, Sarkin Fawa ba ya mutuwa da wuƙa a hannunsa. In an tabbatar tafiya ta zo, shi da kansa yake miƙa wuƙar gado da dutsen wasa ta ga wanda zai gaje shi. Cikin mako ɗaya aka gama komai, aka je gaban mai gari, aka naɗa wa Baffa rawani. Inna ta sa aka yanko farin ƙyalle aka ɗinka likkafani. Ni kuma na baro gidan mijina a Kurni da goyon 'yata, na zo jinya.

A lokacin Kawu, yayan Inna, yana kwance a Dawce da wannan ciwon, shi nasa ya riga ya yi nisa. Muka je gaishe shi. Baba ya zauna kusa da shi, ya nemi izini ya ɗaga masa riga, ya lumshe ido ya shafa cikin a hankali. Sai ya ce, "Uwata, zo ki sa hannu." Na sa. Tauri ne gurgunje-gurgunje, kamar an cusa goruba a buhu, kuma ko ɗan dannawa Kawu sai ya ciji leɓe. Da muka dawo gida Baba ya kwanta a tabarma ya ce in taɓa nasa. Ƙullutu ne guda ɗaya, sumul kamar an kifa ƙoƙo, yana sauka yana hawa da numfashi, gefen hantar kuwa da laushinsa.

"Kin ji?" in ji shi.

Na ce na ji.

Ya ce, "Abu biyu ne, kama suka yi. Nasara ya duba da sauri. Ni kuwa shekara arba'in ina taɓa hanta, yanzu a ce ban san tawa ba?"

Da ƙafarsa ya hau kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a kan buhuna, ni ina gefensa, muka tafi Damagaram. A can muka sami wani tsohon dokotoro mai fiɗa, wai da likitan soja ne. Da tafinta ya gaya masa abin da mahaucin nan ke faɗa, sai ya yi dariya. Da ya taɓa cikin kuma sai ya daina dariya, ya ja kujera. Aka sa rana aka buɗe Baba. Ya farfaɗo ke nan, ko ruwa bai nema ba, ya sa a kira masa dokotoron.

"Guda nawa ka gani?"

"Ɗaya."

"Sauran hantar fa, ta yamutse ko tana nan sumul?"

"Tana nan sumul."

Baba ya ce, "To."

Dokotoron ya bayyana mana gaskiya. Ya ce bai iya cire ƙullutun ba, don a kan babbar jijiyar jini yake zaune. Ya ce dajin da muka sani yawanci hantar da ta riga ta lalace yake hawa, wannan kuwa lafiyayya ce. Amma akwai waɗansu ƙullutai da ba a cika ganinsu ba, masu kama da dajin ƙwarai, har ido da hannu ba sa iya raba su, sai an duba naman a ƙarƙashin madubin da ke girmama abu. Ya yanki ɗan guntu kamar ƙwayar wake ya sa a kwalba, za a kai Dakar, amsa za ta iske mu a gidan likitan Matameye. Baba ya duba ɗinkin cikinsa ya ce da tafinta, "Gaya masa yankan ya yi kyau, amma ya ɓata fata. Da a rumfata yake, da na hana shi wuƙa kwana uku."

Muka dawo muka zauna jiran takarda. Kawu ya rasu, muka tafi Dawce muka yi kwana bakwai. Da muka dawo muka tarar an yi wa ɗan likitanmu canjin gari, an kawo wani. Kowace ranar kasuwa Baba sai ya je ya tambaya, sabon ya ce shi bai ga komai ba. Da ya gaji ya daina zuwa.

Wata uku ya cika, na huɗu ya wuce. Damina ta sauka, sai ga Baba a gona da hauya. Da farko mutane suka ce ikon Allah. Sai wani maɗinki ya kwanta da ciwon hanta ya mutu, bayansa wani mai awon hatsi. Daga nan aka fara magana ƙasa-ƙasa. Kowa ya san abin da ake faɗa game da maye, wai akwai waɗansu duwatsu a cikinsa da ake kira ƙanƙara, da su yake kama kurwar mutum ya ci. To ga mutum da dutse a ciki, likita ya ce zai mutu, ya ƙi mutuwa, waɗansu suna mutuwa a madadinsa. Aka tuna ya shafa cikin Kawu. Aka tuna tun asali hanta yake fara nema. Har tabon cikinsa ya zama shaida, wai Nasara da kansa ya buɗe, ya ga abin da ya gani, ya ji tsoro ya mayar ya rufe.

Baba bai nemi a mayar masa da rawani ba. Rago ɗaya ya yanka a ƙarshen layin mahauta, ya zauna tun hantsi har la'asar, ba wanda ya taya, ƙuda kawai. Ya ware hantar ya aika wa wata maijego a bayan masallaci. Aka dawo da ita a ƙwaryar da ta tafi, an yayyafa mata toka. Ranar ce kaɗai na ga ya shiga ɗaki da rana ya rufe ƙofa.

A shekara ta biyu ɗan wani attajiri ya kwanta, saurayi mai jini a jika. Bayan la'asar sai ga jama'a a ƙofar gidanmu, wai Baba ya zo ya saki kurwar yaron. Abin da ake sa maye ya yi ke nan, ya tuɓe riga, ya tsallaka mara lafiya sau uku, ya kuskure baki a ba shi ruwan ya sha. Na tare ƙofa da taɓarya a hannu, Baba ya karɓe ta ya jingine. Ya tafi da su, ni ina biye. Ya dubi idon saurayin, ya dubi cikinsa, ya ce, "Ba ni na kama shi ba, kuma tsallake ba zai tashe shi ba. Amma in zai sanyaya wa uwarsa rai, zan yi." Sannan ya ɗaga kai ya ga Baffa a cikin taron, ya ce, "Ga ɗan'uwana nan, a gida ɗaya muka tashi. Ya faɗa muku ko ya taɓa ganin wani abu a tare da ni."

Baffa ya gyara rawani, ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Ubanmu ɗaya da Yaya, amma ba nono ɗaya muka sha ba."

An ce maita nono take bi. Da wannan magana guda ya wanke kansa, ya shafa wa kakata da ke kabari, ya shafa wa duk wanda ya fito ta tsatsonta. Baba ya tuɓe riga a gaban yaran da ya ciyar da iyayensu mata, ya tsallaka sau uku, tabon cikinsa a waje ana nunawa da baki. Saurayin ya mutu bayan kwana tara, aka ce ai Baba ya riga ya cinye. Wata bai ƙare ba dangin mijina suka kawo ni gida da kayana a kan jaki biyu. 'Yata suka riƙe, ba ta ma gama shan nono ba, wai kada ta ƙara shan nonon maita a kan wanda ta riga ta sha.

Shekarun da suka biyo baya, ni na zauna da wuta a ciki, shi kuwa ya zauna da tufkar igiya. Baƙi daga Yauri da ba su san labari ba su ke saye. A masallaci ana bar masa gurbin mutum ɗaya dama da hagu, yakan dawo ya ce wa Inna duk garin nan shi kaɗai ke sallah a yalwace. Likkafanin nan kuwa ya ce ba za a bar wa gara ba. Ya mai da shi mayafin barcin rana, ya shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi da ke ƙofar gida, ya lulluɓe har kai ya miƙe ƙafa. Mai wucewa ya gani gabansa ya faɗi, ya ruga ya kai labari, a taru daga nesa ana leƙe, sai gawa ta yi atishawa ta juya. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na sha roƙonsa mu tattara mu koma Kano inda ba a san mu ba, sai ya ce, "In na tafi, sun yi gaskiya ke nan."

Bana da damina ƙullutun ya girma, ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa. Na sake kai shi Damagaram. Tsohon dokotoron ya daɗe da komawa ƙasarsu. Muna zaune a baranda sai wani mai farar riga, gemu ya soma furfura, ya tsaya ya ƙura wa Baba ido. Ɗan likitanmu ne na da.

"Sarkin Fawa, kana nan? Ai na ce za ka daɗe."

Baba ya ce, "Yaushe ka ce?"

"Cikin takardar mana. Ta zo ana gobe zan bar Matameye, kuna Dawce wurin rasuwa. Na kai wa ƙanenka a rumfa, hannu da hannu."

Mutumin ya ga fuskokinmu, ya gane, ya yi salati. Ya tafi ya tono wani babban littafi ya kwafo mana abin da ke ciki. Ba dajin da muka sani ba ne. Wani irin ƙullutu ne da likita kan yi aiki har ya tsufa bai gamu da shi ba, a hankali yake girma, mai shi zai iya shekaru yana sana'arsa yana cin abin da yake so, kuma ba ya cutar da kowa sai mai ɗauke da shi. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Ka fassara masa da Hausa?"

"Kalma kalma. Har ya ce alhamdu lillahi, ya sa ta a aljihu."

A kan kamiyon dawowa ba zagin da ban yi ba. Na ce sai na tsaya a tsakiyar kasuwa na tone masa asiri, sai na ga rawanin nan a ƙasa. Baba ya bar ni har na gaji, sannan ya ce abu uku yake so, kuma in rantse. A karanta takardar a kan gawarsa kafin a sallace shi. Kada in kama sunan wanda ya riƙe ta. Na uku, Baffa ne zai yi masa wanka, ba wani ba. Na ce wannan hannun ba zai taɓa shi ba. Ya ce, "Zai taɓa. Mahauci ne, ni na koya masa. Ina so ya ɗora hannunsa a kai, shi kaɗai a ɗaki." Inna ta ce yafewa ce ya yi. Ni da na san shi, na ga yadda ya yi dariyar nan ta hanci, ban ce yafewa ba ce.

Da hantsin wata Alhamis ya cika, kansa a cinyar Inna. Baffa ya shiga wanka ya daɗe, har liman ya aika a ji ko lafiya. Da ya fito sai da ya dafa bango. Aka naɗe Baba a likkafaninsa da ya sha wanki har an yi masa faci biyu, aka fito da shi. Malamin lakwal ya tsaya a kan makara ya karanta takardar da Faransanci, ya maimaita da Hausa, ya faɗi shekarar da aka rubuta ta. Ina bayan zana ina kallon dattawa suna ƙirge da yatsu. Liman ya ce, to wa ya karɓi ta farkon? Aka sallace shi, kowa ya gane zaluncin da aka yi masa. Wannan shi ne asalin kukan da aka yi ta yi mana, da cikar ƙofar gida, da aron tabarmi. Mutanen Kurni har da 'yata suka zo mini da ita ranar uku. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, kamar yadda aka koya mata gaida baƙi, ta koma ta riƙe zanen kakarta ta wajen uba.

Kwana goma sha biyu da rasuwa, da hantsi, Inna ta fita gaisuwa, sai ga Baffa ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, ba rawani, hula kawai. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fito da ita. Tun ranar wankan nan yake jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Ba ya cin abinci. Gidan likita kuwa ba zai je ba, don ya san in likita ya faɗa gari ya ji, kuma ya fi kowa sanin abin da garin nan ke yi wa mai dutse a ciki. Nasa hannun in ya ɗora, tsoro ba ya barinsa ya tantance komai.

"Ɗiyata," in ji shi, "na san Yaya ya koya miki. Don Allah duba mini. Irin nasa ne, ko irin na Kawunki?"

Na shimfiɗa masa tabarmar Baba. Ya kwanta ya ɗaga riga, na lumshe ido na bi cikin da yatsa tun daga wannan gefe har wancan, na sa ya ja numfashi, na sake bi don kada in tsallake wani wuri. Ba komai a cikinsa. Hanta ce mai laushi, sai kitse, sai tsoro.

"Me kika ji?"

Na tashi na ɗebo ruwa na wanke hannuwana a hankali, na goge da gefen zane. Na ce, "Baffa, irin wannan amsar takan daɗe a hanya. Je ka gida, in ta iso za ka ji."

Ya dube ni, na dube shi. Ya nemi takalmansa ya fita. Tun daga ranar kowace kasuwa sai ya biyo ya tsaya a bakin zaure ya gaida Inna, yana satar kallona. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa, an ce in an miƙo masa hanta a rumfa sai ya kau da kai ya ce a kai wa mai hatimi.

Gobe arba'in. Na san Allah ba ya son abin da nake yi, kuma ban san me Baba zai ce ba, ko ya harare ni ko ya yi dariyar nan tasa. Amsar Baffa ga ta nan na sa an rubuta ɓaro-ɓaro, lafiyarsa ƙalau. Mai rubutun ya rantse mini ba zai buɗe baki ba. In ya gama zan ce alhamdu lillahi, in ninke takardar in sa a ƙasan adakata. Allah ya jiƙan Baba, ya sada shi da mahaifiyarsa da aka ɓata wa suna ba ta ji ba ta gani ba, ni kuma ya yafe mini ranar da na iya roƙonsa da gaske. Baffa ya riƙe takardar Baba shekara bakwai. Ni yau kwana ashirin da bakwai kacal da riƙe tasa.